Taswira Bisa Tabarma

Shekara talatin a gidan wayar Yamai
ina jefa wasiƙu cikin buhuna:
Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram.
Hannuna ya san kowane gari,
ƙafata ba ta wuce Kollo ba.

Bana kaka ta yi, an ɗaure dammuna.
Na shimfiɗa taswira bisa tabarma,
na danne ta da kofin shayi da takalmi ɗaya.
Sati huɗu, na ce.
Kwana biyu Doso, uku Tawa don cuku,
Galmi ko warin albasa ya ishe ni.

Sahiya ta leƙo:
"Jika nawa ke aljihunka, Tankari?"
Na ƙirga. Babban yatsana ya rufe Agadas.
Na cire kuɗin maganin gwiwa,
Difa ta bi bayanta.

Damagaram kam tana nan.
Akwai wasiƙar da ta dawo tun ina saurayi,
ba sunan mai aikowa,
ta yi ja a ƙasan adakata.
Unguwar Birni, gidan da ke daura da rijiya.
Zan je in yi sallama,
ko kango ne ya amsa.