Kwalin Mardiyya

Ni ne Abdulbaƙi, mai kantun riɗi a bakin tashar Gadarif.
Shekara talatin ina ƙulla zaƙi cikin leda,
in ja bakinta da haƙori, in miƙa, in karɓi kuɗina.
Ban taɓa tambayar inda take kwana ba.

Sai ran da aka yanka tunkiyata,
wadda ta rame alhali ga harawa a gabanta.
Mahauci ya zura hannu cikin tumbi,
ya zaro dunƙulen leda ya kai girman goruba biyar,
baƙa, shuɗiya, da wata fara mai tabon mai.
Na gane ƙullin.
Aikin haƙorina ne.

Mardiyya, 'yar ƙanena, ta dawo daga karatun zane a Wad Madani
da almakashi, da ma'auni, da taurin kan uwarta.
Ta ce, Baffa, bar mini karan dawar da kuke ƙonawa.
Na ce, kara ai na darni ne da murhu.
Ba ta tanka ba.
Ta jiƙa shi kwana huɗu a rabin ganga,
ta kirɓa a turmi har maƙwabta suka leƙo
ko biki ake ba a gaya musu ba.
Ta tace a rariya, ta shanya bisa kwano,
rana ta mai da shi takarda
mai kaushin tafin manomi.

Na farko ya sha mai, ya langaɓe kamar tsumma.
Na biyu ta liƙe shi da koko,
tururuwa suka yi walima kafin asuba.
Na yi dariya har rawanina ya kwance.
Ta ɗauki taɓarya ta koma.

Na uku ta shafe cikinsa da ƙaro da kakin zuma,
ta yi masa ninki bakwai, ba gam, ba zare,
kunne ya shiga kunne, ya rufe kansa da kansa.
Ruwan zoɓo ya ba shi ja.
Ta huda 'yar taga a murfin, siffar ƙwayar riɗi,
don ta san mutanenmu:
ido ke fara ciniki kafin aljihu.

Tsada fa? Akwai ta.
Kuɗin kwali goma ya sayi leda ɗari.
Na yi lissafi a bayan hannuna, na ja tsaki.
Altayib, direban Kasala, ya juya shi, ya shinshina,
ya ce, wannan ko gidan surukai ya shiga ba kunya.
Ya ɗauki shida.
Wata dattijuwa ta ce a ba ta ledarta,
ita ba akwati ta zo saye ba.
Na ba ta. Ciniki ba wa'azi ba ne.

Ashe akwai abin da yarinyar nan ta ɓoye mini.
Ta barbaɗa gurguzu cikin dakan tun yana ɗanye.

Damina ta sauka,
baƙar laka ta riƙe takalma, manyan motoci suka kafe.
Bayan tasha, inda fasinja ke jefar da abin da suka gama da shi,
sai ga jajayen ƙafafu tsaye tsakanin tsofaffin tayoyi,
yakuwa, ganye shar, ba wanda ya shuka.
Akuyar mai shayi ta sa baki tana ci.
Na ɗaga sanda bisa sabo,
sai na sauke.

Yanzu bayan isha ni ke ninki a gindin fitila.
Yatsuna sun tsufa,
kunne na biyar kullum sai ya kufce mini.
Mardiyya ta karɓa, ta gyara, ba ta cewa komai,
ni ma ba na cewa ta yi gaskiya.
Haƙorana dai, guda tara da suka rage,
sun samu hutu.