Ƙwallo Uku

Fusaina, ƙara murya, matso mini da kujerar nan,
idona ya yi yana, amma bai mutu ba.
Wai wannan ne kulob ɗin Turawan Kumasi,
shekara biyar kafin a sauke tutarsu?
Fankar sama ta yi daidai. Labulen ma na yarda.
Teburin nan kuwa, ba shi ba.

Dubi ƙwallaye, kamar an ɓarar da tiren alewa a Kejetiya,
rawaya, shuɗi, mai ratsi, har da lamba a goshi!
Mu uku muka sani a biliyad:
ja ɗaya, farare biyu,
ɗayan farin da ɗigon baƙi kamar tawadar Allah,
don kada Bature ya daki na abokinsa
ya ce bai lura ba.

Na hauren giwa ne, jikalle.
Ko a lokacin an daina kawo irinsu,
Manaja ne ya rantse hannunsa ba zai taɓa roba ba.
Haure yana da rai. Damina ta kumbura shi,
ya dinga gangara a karkace
kamar mashayi ya taso daga Adum.
Ni ke naɗe su a tsumma, in kai akwati nesa da taga.
In sun haɗu, ƙas, sau ɗaya,
kamar baƙo mai kunya ya taɓa ƙofa.
Wannan ƙwaram-ƙwaram da kike ji
haure bai taɓa yin sa ba.

Teburinmu ƙafa goma sha biyu ne, dutse a cikinsa.
Ƙarti takwas daga Aboabo suka yi nishi a kansa,
bai ko gusa ba.
Kullum da hantsi in share ulun, hannu ɗaya, ba a komowa,
in bi shi da dutsen guga mai nauyin jariri.
Na wannan wasan, ɗan tsugul,
ko tuwon suna ba zai ɗauka ba.
Ga sanda mai ƙarfe a tsakiya, ana murɗawa kamar famfo.
Ga jarumin ya ɗora kofinsa a bakin tebur!
Da sule biyar za a ci shi tara,
ni kuma a ja kunnena don ban hana ba.

Kina dariya. Kin ce soyayya ake kallo, ba katako ba.
Na ji. Gani ya kori ji, ni kuwa na gani.

Tsaya. Wane ne wancan a lungu, kusa da allo?
Farar riga, ba takalmi, hannu a baya.
Ya faɗi lissafi, ba wanda ya waiwaya.
An miƙa masa sanda ba a dubi fuskarsa ba.
Ko sunansa ba za ki gani a ƙarshen shirin ba.
To, nan sun yi gaskiya.
Wanda ya tsara wannan, ko ya yi tambaya,
ko kuwa shi ma bai gan shi ba.

Abin da ba su da labari:
in ƙarfe ɗaya ta buga, motar ƙarshe ta tafi,
ni da Kwabena Ofori mai goge kofuna
mu kunna fitila ɗaya, mu cire riguna.
Wani dare na jera ɗari da uku ban kuskure ba.
Kwabena ya riƙe baki, ya ce da Asantanci
abin da ba zan maimaita gabanki ba.
Muka mayar da allo kan sifiri,
na share ulun, hannu ɗaya.

Af, sun ɗauke wutar.
Bar shi, kada ki nemo tocila.
Kwabena ya rasu shekarar da aka haifi uwarki.
Ɗari da uku, Fusaina. Riƙe mini.
Ban taɓa gaya wa kowa ba.