Mai Riƙon Wuri

Sha ɗaya ta gota, an ɗauke wuta a Farin Gada,
saura ni da hasken kwamfuta
da sanyin da ke rarrafowa ta ƙasan ƙofa.
Dillalan dankali sun ba ni aiki:
rumbun bayanai,
buhu nawa ya sauka daga Bokkos,
wa ya biya, wa ya ce sai Laraba.

A rumbun nan kowa da ɗakinsa.
Lamba na da nata, kwanan wata na da nasa,
suna ya baje tabarma a layin sunaye.
Sai wasu 'yan tsiraru
da ba a yanka wa fili ba.
Ka ce za ka zaunar da su a jadawali,
na'ura ta ce faufau, ba a gini da waɗannan.
A ƙofar ɗan aike kaɗai ake ganinsu,
suna riƙe wa wani wuri.

Ɗaya sunansa Ko-wane-iri.
Miƙa masa lamba, ya zama lamba,
miƙa rubutu, ya zama rubutu.
Sharaɗinsa guda ne, kuma ba ya ragi:
irin da ya shiga ta ƙofar farko
shi zai bi ta biyu, shi zai fito.
Ba a kai tumatur a dawo da kabeji.

Ɗaya sunansa Babu.
A aike shi, ya je ya gama,
ya dawo hannu rabbana,
kamar Kawu Dogara da ya rufe wa rabin unguwa rufi
ya mutu a gidan haya.

Watan jiya na je sakatariya cike takarda.
Suna, na cike. Shekara, na cike.
Sai wani ɗan gurbi, bai kai ɗan yatsa ba:
asali.
Kakana da ƙafa ya zo daga Haɗeja haƙar kuza,
kakata daga Pankshin, da tulu da yarenta.
Baba a Bukuru aka binne cibiyarsa,
ni a Jankwano na yi kukan farko.
Akawu ya buga biro a kan gurbin sau uku.
“Malama Asabe, nan fa?”
Na ce ina zuwa.
Takardar na nan cikin jaka, ta fara laushi.

Yanzu ga shi na rubuta ɗan aikena,
na tsayar da Ko-wane-iri a ƙofarsa.
Na ba shi buhuna, ya zaɓo mafi yawa.
Na ba shi naira, bai yi gardama ba.
Bai san ko shi wane ne ba
sai lokacin da aka kira shi,
kuma ba wanda ya ce ya kawo shaidar mai unguwa.

Batir saura kashi tara.
Can ƙasa motar farko ta tsaya, birki na kuka,
Nanret na ƙwala wa yara kira su zo sauke kaya.
Na adana aikin.
Na ja mayafi na rufe ƙafafuna.