Ƙarƙashin Kofin Shayi

Wata goma sha ɗaya ke nan fayil ɗina
yana kwance a ofishin magatakarda,
ƙarƙashin kofin shayin wani.
Taron masana duwatsu da na nemi zuwa
an yi, an tashi, an share ɗakin.

Dakta Dalyop, abokin teburina,
ya bar mini makullinsa a watan Yuli.
Yanzu daga ƙetare yake turo hoto:
na'ura mai leƙa cikin dutse, fara fat.
Ya ce, "Tanimu, me kake jira?"

Ban amsa ba. Ina Farin Gada
ina taya kabeji,
ina lissafin kuɗin da mujalla ke nema
kafin ta buga abin da na rubuta da fitilar waya.
Albashi baƙo ne mai sauri,
ko ruwa ba ya tsayawa sha.

Ran Laraba ƙanƙara ta sauka a Naraguta,
kwanon rufi ya hana mu jin juna.
Chundung ta ɗora ɗan dutse a tafina,
baƙi, mai nauyi,
daga tsohon ramin kuza na ƙauyensu.
"Malam, kakana a haƙar wannan ya ƙare.
Mene ne sunansa a littafi?"

Na faɗa mata. Ta rubuta a hankali.
Na baya suka matso.

Da dare na buɗe saƙon Dalyop,
na rubuta, na goge,
na ce ya turo mini bayanin na'urar.
Gobe zan sake hawa benen,
in ɗaga kofin nan da kaina.