Ranar Wankin Ɗakin Ladi

Tun kafin rana ta hau duwatsun Birni
na tsayar da Ɗan Tani mai garuwa:
bido uku.
Ya ce, "Biki za ki yi, Harira?"
Na ce ɗakin Ladi zan wanke.
Ya tofar da yawu, ya ƙirga kuɗinsa:
"A Damagaram, inda mutum ke kwana a layin famfo,
macijiya ce mai bido uku!"

Ladi ba ta ji ba, mesa ba ta da kunnen gori.
Na ɗauke ta, sanyi kamar igiyar guga,
na sa ta a jakar zane, na ɗaure,
can a inuwa, nesa da iskar aiki.

Tsohon yashi, kashi, guntun saɓa,
duka waje.
Sabulu da soso tukuna,
don magani ba ya ratsa dauɗa.
Sannan jabel: murfi biyu a lita guda,
ba a ƙara, ba a yi masa aboki,
haka likitan dabbobi ya rubuta mini a bayan kwalin shayi.
Minti goma ya kwanta a katako da gilashi.

Baba bai san wannan ba.
Gardi ne, kumurci na jin muryarsa,
amma shekarar da kaska ta addabi akwatinsa
sai ya yayyafa girezil, ya rufe, ya tafi Juma'a.
Ya dawo ya tarar da uwar Ladi a miƙe,
karon farko da ta yi tsawonta duka.
Kwana bakwai bai busa ƙaho ba.

Don haka nake ɗauraya.
Bido na biyu ya ƙare, ina ɗauraya,
kaskon ruwa, kututture, kusurwar da ido ba ya kaiwa.
Sauran aikin na rana ne, ita ba ta karɓar dala.

La'asar na sa kaina ciki, na shaƙa.
Babu wari, sai katako mai zafi.
Amma hancina ba alƙali ba ne.
Na kwance jaka.
Ta fiddo harshe, ta ɗanɗana iska,
sau ɗaya, sau biyu,
ta tsaya har zuciyata ta tsaya,
sannan ta malala ciki, ta naɗe.

Na wanke hannu har gwiwa.
Ragowar bido na uku na kai wa maƙwabciya,
ta tambayi inda ya fito kafin ta sha.