Wandon Isiyaku

Shekara talatin ina taka keke
a bakin titin Ƙofar Guga,
na auna mai tumbi, na auna siriri,
sai ga wandon da ya ƙi yankuwa.

Isiyaku mai yankan bedi da injin zarto ya kawo shi,
ruwan lemo, da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Gwanjo ne, a 'Yar Kutungu ya tsinto.
Wanda aka ɗinka wa, ko wane ne,
dogo ne, kuma ba ruwansa da yunwa.

Ƙugun zai ci mutum biyu har da canji.
Ya naɗe ƙafa sau uku, ya ɗaure da igiyar shanya.
Ranar Laraba, in ji shi, yana kan reshe,
inji na kuka a hannunsa,
naɗin ya warware, ya kama kututture,
saura ƙiris ya sauko ba ta hanyar saukowa.

"Rage min shi, Baba. Tsuke shi sosai,
irin na samarin yanzu, ya kama cinya."
Na ce to, na sa reza na farke gefe,
sai ga farin zare, shimfiɗa kan shimfiɗa,
shida na ƙirga, ba wanda aka ɗinke da ɗan'uwa.

Almakashina da ya ga shadda ya ga kaki
ya tauna, ya tauna, ya tofar.
Malam Ɗanbaba na kan benci yana jiran rigarsa,
shi da ya yi ritaya daga gandun daji,
ya ce, "Ajiye, tela, kada ka yi ɓarna da ƙwarewa.

Zaren nan da gangan aka bar shi sake.
In sarƙa ta ciji wandon, shi take ja,
ya cika mata baki, ya shaƙe ta,
ta tsaya kafin ta kai ga tsoka.
Ka bi ta kansa da allura, ka ɗaure shi ke nan,
ranar da aka kira shi ba shi da hanyar fitowa."

Na dubi Isiyaku, na ce tsuguna.
Ya tsuguna, wandon ya juya,
garkuwar ta koma bayan sharaɓa,
ƙwauri a fili, yadi ɗaya tal a kansa.
Na ce, ka gani? Mai gadi ya zagaya bayan gida,
ya bar ƙofar gaba ga mai shigowa.

In kuma na tsuke yadda ka ce,
ɗaga ƙafa zuwa reshe zai gagare ka.
Zafin Katsina kafin azahar, ka san shi,
gumi zai dafa maka matsematsi,
ka tuɓe, ka rataye shi ka sha iska.
Wandon da ke rataye ba ya ceton kowa.

Tsawon ba aikina ba ne, ban taɓa shi ba.
Na ce akwai dogo a cikinku? Ya ce Lawandi,
nasa kuwa ya ɗage, bai kai idon sawu ba.
Suka yi musaya a gabana da cikon kuɗin shayi.
Na kama ƙugu ta baya, inda babu zare,
na yi madaurin kafaɗa da tsohon bel,
tafin hannu na shiga tsakanin ciki da wando,
ba matsi, ba zamewa.

Bayan damina ya dawo da tsakar rana.
Da ƙyar na ji sallamarsa.
Cinyar hagu ta wandon a yage,
farin zare ya fito kamar gemun bunsuru,
da warin fetur da garin itace.
Na dubi ƙafar. Da ita ya zo, yana takawa.

"Baba, a yi masa faci?"
Na ce a'a. Wannan ya biya bashinsa,
ba a aiken zaren nan sau biyu.
Ya zauna kan benci, hannunsa na kakkarwa,
na aiki yaro ya sayo masa ruwan sanyi.
Ya bar min wandon. Yana nan kan ƙusa.
Masu kawo ɗinkin Sallah na ta tambaya,
ni kuwa da allura a baki, ba na amsawa.