Jar Akuyar Mutari

Na ce, Mutari, wane irin gato kake so bana?
Na zaci zai ce mota, ko ƙwallo.
Ya ce, Inna, akuya.
Jar akuyarmu, har da gemunta.

Gobe yake cika shekara shida.
Ban iya musu da ɗan shekara shida ba.

Da la'asar na shiga Babbar Kasuwa:
fulawa rabin tiya, sukari, koko a ƙulli,
ƙwan zabi goma sha biyu,
kowanne sai da na ɗaga shi a rana kafin in biya.
Jaka uku suka tafi ko sallama babu.

Ina cikin kaɗa ƙwai aka ɗauke wuta.
Unguwar Zariya ta yi tsit.
Tandar lantarkin da na aro wurin Tasalla
ta zama akwati kawai.
Sai na tuna Goggo a Tibiri:
yashin Gulbi a gindin tukunya,
garwashi a ƙasa, garwashi bisa murfi,
a zauna, a yi haƙuri, kada a buɗe.
Na buɗe sau uku.

Ya fito gefe ɗaya a ƙone, tsakiya ta lotsa.
Na yanke ƙunar, na cinye a tsaye.
Babban yanki ya zama jiki, ƙarami ya zama kai,
ragowar na raba ƙafafu.
Uku sun yi daidai.
Ta huɗun ta zo gajera,
kuma babu sauran abin ƙari.

Launi ne ya hana ni barci.
Zoɓo ya ba ni jan da ya yi duhu,
koko ya ba ni ƙasar bayan ruwa.
Akuyar Maraɗi ba haka take ba,
jan sabon tulu gare ta, wanda ya fito daga wuta jiya.
Na ƙona sukari, na kwaɓa da man shanu,
na ɗauki tocila da cokali na nufi turke,
na kara cokalin a jikinta in gwada.
Ta waiwayo ta lashe.
Na koma na ƙara ja kaɗan.

Dabino na tsaga, ya zama ƙaho.
Kanumfari biyu, ido.
Gemu kuwa kwakwa ce da na goge
har na goge bayan yatsana.
Ina liƙa kunne na biyu
ladanin asuba ya gyara murya.

Da yamma yara sun cika tabarma uku.
Na ɗage murfin faranti.
Ƴar Fassuma ta ce, kare ne.
Wani ya ce, jaki.
Tasalla ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.
Mutari ya durƙusa, ya daɗe yana dubawa,
ya sa yatsa kan gajerar ƙafar.
Ya ce, ita ce.
Ga ƙafar da babur ya taka.

Ban faɗa masa cewa fulawa ce ta ƙare ba.

Da na ɗauko wuƙa ya tare da hannu biyu:
ba a yanka ta!
Muka tsaya, kyandir shida na ɗiga a bayanta,
yara na haɗiyar yawu.
Can ya ce, to, da cokali.
Daga wutsiya aka fara.

Kan ya ɓoye a cikin rigarsa.
Bayan magariba na hango shi a turke,
yana gutsura, yana miƙa mata.
Ta ci kunnenta, ta ci ƙahonta,
ta tofar da kanumfari.

Yanzu ina zubar da yashin tukunya,
bayana kamar an daka ni a turmi.
Ya zo da sukari har a gira,
ya jingina da ni, barci na fizgarsa.
Ya ce, Inna,
baɗi raƙumi.